Charles Schulz: Ɗan Mai Aski Da Ya Sa Aka Karanta Bisharar Luka a Talabijin

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Jimeta ko cikin Yola a zamanin jihar Gongola zai tuna yadda kallon talabijin yake a wancan lokaci. Sau da yawa akwati ɗaya ne a layi guda, tashar NTA Yola kuma ba ta buɗewa sai rana ta yi sanyi. Yara sukan cika tsakar ɗakin mai akwatin, waɗanda ba su sami wuri ba su maƙale a taga, kowa yana addu'a kada a ɗauke wuta kafin katun ya ƙare. Abin da tasha ta sa shi za a kalla, a lokacin da ta ga dama, wanda ya makara kuwa sai ya ji labari a bakin abokai. Haka ma Amurkawa suka yi shekara hamsin da biyar suna jiran wani ɗan gajeren katun na Kirsimeti kowace shekara, har ranar da aka wayi gari aka ce musu ya tashi daga talabijin ya koma intanet. Sunan katun ɗin A Charlie Brown Christmas, wato Kirsimetin Charlie Brown, mutumin da ya rubuta shi kuma shi ne Charles Monroe Schulz.

An haifi Schulz ranar 26 ga Nuwamba, 1922, a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, ya kuma girma a St. Paul, birnin da ke maƙwabtaka da shi. Minneapolis ba baƙon suna ba ne a Adamawa, gama akwai daɗaɗɗiyar zumunta tsakanin ikilisiyar LCCN da Lutheran na wannan birni. Mahaifinsa Carl haifaffen Jamus ne, sana'arsa aski. Mahaifiyarsa Dena 'yar asalin Norway ce. Shi kaɗai Allah ya ba su. Yana jariri wani kawunsa ya laƙaba masa suna Sparky, daga sunan wani doki na cikin zanen barkwancin jaridu, sunan kuwa ya bi shi har kabari. Kowace safiyar Lahadi shi da mahaifinsa sukan baje jaridu su bi shafukan barkwanci ɗaya bayan ɗaya, daga nan ne yaron ya ƙudura a ransa cewa shi ma abin da zai yi ke nan.

Makaranta ba ta yi masa daɗi ba. Saboda ƙoƙarinsa a firamare aka tsallakar da shi aji, sai ya zama shi ne ƙarami a cikin 'yan ajinsu na sakandare, ga kunya, ga rashin abokai. Ya fāɗi darussa da dama. Zane-zanen da ya miƙa don a sa a littafin tunawa na 'yan ajin ƙarshe ma ba a buga su ba, wannan kuwa bai taɓa barin zuciyarsa ba har tsufansa. Abin farin ciki ɗaya da ya samu shi ne a 1937, lokacin da shafin nan na abubuwan al'ajabi, Ripley's Believe It or Not, ya buga zanen da ya yi na karen gidansu, Spike, wanda ya yi suna wajen haɗiye allurai da ƙusoshi. Da ya gama sakandare bai tafi jami'a ba. Ya koyi zane ta hanyar gidan waya, yana aika aikinsa ana gyara masa, alhali makarantar tana nan kusa a Minneapolis. Kunyar a ga aikinsa ido da ido ce ta sa ya fi son ambulan.

Shekarar 1943 ce ta raba rayuwarsa biyu. An kira shi aikin soja a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mahaifiyarsa kuwa tana kwance da ciwon daji wanda aka daɗe ana ɓoye masa sunansa. A zuwansa gida na ƙarshe daga bariki ta yi masa bankwana, ta shaida masa cewa da wuya su sake ganin juna. Cikin 'yan kwanaki rai ya yi halinsa, aka binne ta, shi kuma jirgin ƙasa ya wuce da shi sansanin horo a Kentucky, yana ɗan shekara ashirin. Ya yi aiki a runduna ta 20 ta motocin sulke, ya kai muƙamin saje mai kula da rukunin masu bindiga mai sarrafa kanta, ya kuma shiga Faransa da Jamus a watannin ƙarshe na yaƙin, cikin 1945. Ya dawo da ransa da lafiyarsa, amma kaɗaicin waɗannan shekaru ya zauna masa. Masu nazarin aikinsa sun yarda cewa daga wannan rijiya ya riƙa ɗibar ruwa har shekara hamsin.

Gidansu Lutheran ne a suna, ba su cika zuwa sujada ba. Wani faston ikilisiyar Church of God ne ya riƙa ziyartar mahaifiyarsa a kan gadon ciwo, shi ne kuma ya yi hidimar jana'izarta. Schulz bai manta da wannan alheri ba. Bayan yaƙi ya shiga wannan ikilisiya, aka yi masa baftisma a 1948, ya zama mai himma a ƙungiyar matasa, yana ba da zakka, yana bin ƙungiyar wa'azi har bakin titi duk da kunyarsa. Aikinsa na farko na zane kuwa a wata mujallar Katolika ta yara ya same shi, inda yake rubuta haruffan da ke cikin hotuna. Daga baya makarantar nan da ta koyar da shi ta gidan waya ta ɗauke shi malami. A can ya haɗu da abokan aiki biyu, ɗaya sunansa Charlie Brown, ɗaya Linus, ya roƙi aron sunayensu. A can ne kuma ya ga wata budurwa mai jan gashi, ya nemi aurenta a 1950, ta zaɓi wani.

A wannan shekarar dai ƙofa ta buɗe. Tun 1947 yake yi wa wata jaridar St. Paul zanen yara mai suna Li'l Folks. Kamfanin United Feature Syndicate na New York, mai dillancin zane ga jaridu, ya karɓi aikinsa amma ya sauya masa suna zuwa Peanuts, wato gyaɗa. Schulz ya ƙi jinin wannan suna har ya mutu, yana ganin ya rage wa aikinsa daraja, sai dai sabon shiga ba ya jayayya da mai biyansa. Ranar 2 ga Oktoba, 1950, zanen ya fito a jaridu bakwai kacal.

Abin da ke cikin zanen ba shi da yawa in an ƙirga: yara 'yan unguwa ɗaya da kare guda, babu babba ko ɗaya da ake gani. Charlie Brown yaro ne mai zagayayyen kai, ɗan mai aski kamar mai zanensa, wanda duk abin da ya sa hannu sai ya lalace. Ƙungiyar wasansa ba ta cin wasa. Yana son wata yarinya mai jan gashi amma bai taɓa iya buɗe baki ya gaishe ta ba. Kowace shekara Lucy takan riƙe masa ƙwallo ta rantse ba za ta janye ba, ya sheƙo da gudu, ta janye, ya faɗi rigingine, shekara ta zagayo ya sake yarda da ita. Linus, ƙanin Lucy, shi ne malamin tauhidin unguwar, ya san Ayuba da Ishaya da wasiƙun Bulus, amma ba ya iya taku ɗaya ba tare da bargonsa ba. Snoopy kuwa kare ne da ke kwana a kan rufin ɗakinsa yana mafarkin shi matuƙin jirgin yaƙi ne. Manya suka gane cewa damuwarsu ce aka sa a bakin yara, abin ya kama kamar wutar daji. A 1969 'yan sama-jannatin Apollo 10 suka sa wa kumbunansu biyu suna Charlie Brown da Snoopy. Shekara guda kafin haka, bayan kisan Martin Luther King, wata malamar makaranta ta rubuta masa wasiƙa tana roƙon ya sa yaro baƙar fata cikin zanen. Da farko ya yi jinkiri don gudun kada abin ya zama na ganin ido, amma a ƙarshen Yuli 1968 Franklin ya bayyana, daga baya har ya zauna aji ɗaya da fararen yara. Wasu editoci na kudancin Amurka sun yi gunaguni, Schulz bai janye ba.

A 1951 ya auri Joyce Halverson, suka reni 'ya'ya biyar. A 1958 suka ƙaura zuwa Sebastopol a jihar Kalifoniya, inda ya yi shekaru yana koyar da ajin manya na makarantar Lahadi a wata majami'ar Methodist, yana bin Tsohon Alkawari littafi bayan littafi. Daga 1956 zuwa 1965 kuma yana yi wa mujallar matasa ta Church of God zane dabam. Saboda haka sa'ad da maganar katun na Kirsimeti ta taso, ba baƙo ba ne ga Littafi Mai Tsarki.

A farkon 1965 kamfanin Coca-Cola ya nemi shirin Kirsimeti na rabin sa'a da zai ɗauki nauyinsa. Lee Mendelson, mai shirya fim, ya amsa cewa akwai, alhali ko layi ɗaya ba a rubuta ba, sa'an nan ya buga wa Schulz waya. Su biyu da Bill Melendez, gwanin zane mai motsi haifaffen Meziko, suka tsara labarin cikin gaggawa, aka ba su kimanin wata shida. Schulz ya kafe a kan abubuwan da masana harkar suka ɗauka kuskure ne. Ya ƙi a sa dariyar nan da ake naɗawa a saka a bayan wasa don a nuna wa mai kallo inda zai yi dariya. Aka ɗauki muryoyin yara na gaske maimakon manya masu kwaikwayon yara, wasunsu ko karatu ba su iya ba, sai an faɗa musu kalma su maimaita. Kiɗan kuma na jaz ne, na Vince Guaraldi. Abin da ya fi tayar wa abokan aikinsa hankali shi ne da ya ce Linus zai karanta labarin haihuwar Almasihu daga Bisharar Luka. Suka nuna masa cewa ba a saba jin Nassi a katun ba, kuma abin yana iya kashe shirin. Amsarsa, kamar yadda su biyun suka riƙa bayarwa daga baya, tambaya ce: in su ba su yi ba, wa ake jira ya yi?

Labarin kansa gajere ne. Kirsimeti ya zo, kowa yana murna, Charlie Brown kuwa zuciyarsa a dagule, bai san dalili ba. Ƙanwarsa tana son ya rubuta mata wasiƙar neman kyauta, ta ce in abin zai yi wuya a aiko da kuɗi kawai. Karensa ma ya shiga gasar ƙawata gida don cin kyauta. Aka ba shi shugabancin wasan kwaikwayon Kirsimeti, yara suka ƙi sauraronsa, suna ta rawa. Aka aike shi sayen bishiyar Kirsimeti, ya tsallake manyan na ƙarfe masu walƙiya ya ɗauko wata 'yar tsiro mai zubar da ganye, don ita kaɗai ce mai rai. Suka yi masa dariya har da karen. Cikin takaici ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai wanda ya san ma'anar Kirsimeti. Sai Linus ya taka zuwa tsakiyar dandamali, ya nemi a kunna masa fitila, ya karanta Luka sura 2, aya 8 zuwa 14 da ka, cikin muryar yaro ɗan shekara bakwai, babu kiɗa a bayansa. Duk bai fi minti ɗaya ba. Masu lura sun ga wani abu: daidai inda mala'ika yake hana makiyaya jin tsoro, Linus ya saki bargonsa ya faɗi ƙasa. A ƙarshe kuma da wannan bargon ya naɗe gindin 'yar bishiyar don ta tsaya, yaran suka yi mata ado, suka rufe da waƙar Kirsimeti ta Charles Wesley.

Duk wanda ya taɓa shirya wasan Kirsimeti na 'yan makarantar Lahadi, ya ga makiyaya suna faɗa a kan sanda, mala'ika kuma ya manta layinsa, zai ce wa Charlie Brown sannu.

Manyan tashar CBS sun kalli shirin kwanaki kaɗan kafin ranar nuna shi, ba su ji daɗinsa ba. Suka ce yana tafiyar hawainiya, muryoyin ba na gwanaye ba ne, kiɗan bai dace ba. Da akwai lokaci da wataƙila sun ajiye shi, amma an riga an buga sanarwa. Daren 9 ga Disamba, 1965, gidaje sama da miliyan 15 suka kalla, kusan rabin dukan masu kallon talabijin a wannan sa'a. A shekara ta gaba ya ci kyautar Emmy da ta Peabody. Wasu shirye-shiryen na bukukuwa suka biyo baya, ciki har da na 1966 da na 1973, amma babu wanda ya kamo na farkon.

A nan ya kamata a faɗi abin da masu son mayar da Schulz waliyyi sukan tsallake. Shirin da ke kukan an mai da Kirsimeti kasuwa, kuɗin kamfanin lemo ne ya yi shi, mai shi kuma ya zama ɗaya daga cikin masu zane mafi arziki a tarihi ta wurin sayar da hoton Snoopy a kan riguna da kofuna da tallar inshora. Ya san ana yi masa wannan gori, ya kuma riƙa kare kansa da cewa zanen jarida tun asali don sayar da jarida aka yi shi. Gidansa ma bai tsira ba. Mahaifinsa ya rasu a 1966 yana ziyara a wurinsa, ɗakin aikinsa ya ƙone a shekarar, aurensa ya yi ta tsami, shi kansa ya yi rashin aminci ga matarsa, suka rabu a 1972. A 1973 ya auri Jean Clyde, wadda ya zauna da ita har ƙarshen ransa. Zuwa sujada ya ragu har ya tsaya. A shekarunsa na baya, in 'yan jarida suka tambaye shi, yakan kwatanta kansa da mutumin da ya fi dogara ga kirkin ɗan Adam fiye da koyarwar wata ikilisiya, ko da yake bai daina nazarin Littafi Mai Tsarki ba, gefen shafukan nasa cike suke da rubutun hannunsa, ayoyi kuma ba su daina fitowa daga bakin Linus ba. Robert Short ya wallafa littafi sukutum a 1965, The Gospel According to Peanuts, yana tono Bishara daga cikin zanen, Schulz ya ji daɗinsa amma bai yarda a ɗauke shi mai wa'azi ba. A ganina, kuskure ne mu ƙawata ƙarshensa don ya dace da abin da muke so, kuskure ne kuma mu yanke masa hukuncin da ba namu ba. Abin da ke a fili shi ne, a 1965 mutum ne mai koyar da makarantar Lahadi wanda aka ba shi minti ashirin da biyar a gaban al'umma guda, ya ware ɗaya domin Luka, ya kuma ƙi a taɓa shi.

Wajen aiki kuwa babu mai kushe shi. Bai taɓa ɗaukar mataimaki a zanen Peanuts na jarida ba: shi ke ƙirƙiro labari, shi ke zane, shi ke rubuta haruffa. Bayan aikin zuciya da aka yi masa a 1981 hannunsa ya soma rawa, har ana ganin alamar a layukan zanen, ya ci gaba a haka. Jimillar abin da ya zana ta kai 17,897, a jaridu kimanin 2,600 cikin ƙasashe 75. A Nuwamba 1999 ya sami shanyewar jiki, likitoci kuma suka gano ciwon daji a hanjinsa. Ranar 14 ga Disamba ya sanar da ajiye alƙalami, bisa sharaɗin da ya daɗe da gindayawa cewa babu wanda zai ci gaba da zanen jaridar a bayansa. Ya rasu cikin barci a gidansa na Santa Rosa daren 12 ga Fabrairu, 2000, yana da shekara 77. Da gari ya waye, Lahadi, jaridu suka fito da zanensa na ƙarshe, wanda ya riga ya shirya, ɗauke da wasiƙarsa ta bankwana. Charlie Brown bai taɓa samun bugun ƙwallon nan ba.

Katun ɗin Kirsimeti ya ci gaba da tafiyarsa ba tare da mai shi ba. CBS ta nuna shi kowace shekara har 2000, daga 2001 tashar ABC ta karɓa har 2019. A tsawon wannan lokaci an sha datse wasu wurare don a sami filin talla, masu kallo suna ƙorafi. A 2015 wata makarantar firamare ta gwamnati a jihar Kentucky ta cire karatun Luka daga wasan da yara za su yi na wannan labari, don gudun ƙarar shigar da addini cikin makaranta. Da aka iso wurin, sai iyaye da ke zaune suka karanta ayoyin da kansu. Mallakar Peanuts ma ta sauya hannu tsakanin kamfanoni a 2010 da 2017 da bayan haka, iyalin Schulz suna riƙe da kashi 20 cikin 100.

A Oktoba 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka sanar cewa kamfanin Apple ya sayi haƙƙin nuna shirye-shiryen, za a riƙa kallonsu a manhajarsa ta biyan kuɗi. A karo na farko tun 1965, iyalin da ba su da komai sai akwati da eriya ba za su gani ba. Mutane sama da dubu 200 suka sa hannu a takardar koke ta intanet. Apple ya sassauta, ya ba tashar PBS, wadda ba ta kasuwanci ba ce, izinin nuna shi ranar 13 ga Disamba, 2020, aka sake yin haka a 2021. A 2022 aka rufe wannan ƙofa, abin da ya rage shi ne 'yan kwanaki a Disamba da kamfanin yakan buɗe kallon kyauta a manhajar, a 2025 kuma aka tsawaita yarjejeniyar zuwa 2030. Sauran tsoffin katun na Kirsimeti ba duka suka bi wannan hanya ba. Na Rudolph, barewar nan mai jan hanci, wanda aka fara nunawa a 1964, yana yawo ne tsakanin tashoshi: ya bar NBC zuwa CBS a 1972, ya komo NBC a 2024.

Masu koken ba rashin hanyar kallo kaɗai ya dame su ba, gama da yawansu suna da faifan a gida. Abin da suka rasa shi ne daren nan guda da kaka da jika, mai zuwa sujada da wanda bai taɓa shiga majami'a ba, suke zaune a sa'a ɗaya suna jin aya bakwai ɗin tare, ko sun shirya ko ba su shirya ba. A manhaja sai wanda ya nema yake samu, wanda ya nema kuwa yawanci ya riga ya san abin da ke ciki. Mu ma a Jimeta mun san wannan canji ba tare da wani kamfani ya sayi komai namu ba. Akwatin yana nan a falo, ya fi na dā girma nesa ba kusa ba, tashoshin gida da na tauraron ɗan Adam sun yi yawa, amma a yammacin Kirsimeti za ka shiga gida ka tarar da yara huɗu, kowanne da waya a hannu, kowanne da abin da yake kallo, taga kuma babu kowa a jikinta.

An binne Schulz a maƙabartar Pleasant Hills da ke Sebastopol, garin da ya koyar da makarantar Lahadi. A kan dutsen kabarin an rubuta sunansa da muƙaminsa na saje a sojan Amurka. A 2002 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Santa Rosa, kusa da filin zamiyar ƙanƙara da ya gina wa garin a 1969, inda yakan karya kumallo kowace safiya kafin ya taka zuwa teburin zanensa.